Ranar da VAR ta taɓa ku: kowa ya kawo abin da idonsa ya gani

Mai Gidan Kallo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina riƙe da gidan kallon ƙwallo a Kano, kuma a gabana VAR, wato na'urar bidiyon da ke taimaka wa alƙalin wasa ya sake duba abin da ya faru, ta canza yadda mutane ke kallo. Abin da ya faru da ku nake son ji. Bari in fara.

Daren 7 ga Fabrairu 2024, wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka, mu Najeriya da Afirka ta Kudu. Muna gaba da ci ɗaya, fenaritin Troost-Ekong. Wajen minti na 85 Osimhen ya tura ƙwallo raga. Benci ya karye, mai shayin ƙofa ya bar tukunya a wuta ya shigo, wani yaro ya tuɓe riga ya fita titi a guje. Sai alƙalin wasa ya dafe kunne, ya nufi allon nan na gefen fili. Aka soke ƙwallon, aka koma can ragarmu aka ba su fenariti, wai Alhassan Yusuf, ɗan Kanon namu, ya taɗe Percy Tau tun kafin mu kai harin. Mokoena ya buga ta shiga. Yaron nan ya dawo da rigarsa a hannu yana tambayar me ya faru, aka rasa mai ba shi amsa.

Washegari na sake kallo da sanyin rai, kuma ƙetar gaskiya ce. Allah ya taimake mu, da aka je bugun fenariti golanmu Nwabali ya tare biyu muka wuce da 4-2. Amma tun daga daren nan, in an ci, mutanena ba sa tashi sai sun ga an mayar da ƙwallo tsakiya. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Dattijon Agege:
Wa alaikumus salam, yarona. Na ji kukanka, amma ni ina filin Surulere ranar 13 ga Fabrairu 2000, wasan ƙarshe na kofin Afirka, mu da Kamaru. Suka ci mu biyu, muka rama, Okocha ya ɗaɗa wata daga nesa wadda har gobe ina ganinta. Aka je bugun fenariti. Ikpeba ya buga, ta daki ƙarfen sama, ta faɗo bayan layi, ta fito. Alƙali ɗan Tunisiya ya ce ba ta shiga ba. Mu da ke cikin fili ba mu tabbatar ba, sai da muka koma gida muka tarar duk wanda ya kalla a talabijin ya ga ta haye layi. A gidanmu aka ɗaga kofi aka tafi da shi. Jiran VAR na minti uku ya fi mini baƙin cikin shekara ashirin da wani abu sauƙi.

Direban Zariya:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma na'urar tana nan aka yi mana na Rojo, ɗan bayan Ajantina. Kofin duniya a Rasha, 2018, mu da Ajantina, ana 1-1, kuma kunnen doki ya ishe mu fita rukuni. Ahmed Musa ya kwaso ta, Rojo ya sa kai ta sauka a hannunsa. Na ajiye mota a tasha, mun fi mutum hamsin a kan talabijin ɗaya. Alƙalin, ɗan Turkiyya, ya je allo ya kalla, ya dawo ya ce a ci gaba. Rojon nan shi ya ci mu a minti na 86. Da aka zo wasan ƙarshe na wannan gasar, ƙwallo ta taɓa hannun Perisic na Kuroshiya, aka duba allo, aka ba Faransa fenariti. Na san an ce dokar ta bambanta in daga kanka ta faɗo maka a hannu. To amma mutum ne ya kalla, mutum ne ya yanke, kuma har yau zuciyata ba ta kwanta ba.

Maman Hanifa:
Ni ba mai zuwa gidan kallo ba ce, a falo nake kallo da 'yata, ita ce golar ajinsu a makaranta. Kofin duniya na mata, 2019, Falcons, 'yan matanmu na Najeriya, da Faransa masu masauki. Wendie Renard ta buga fenariti ta daki turke ta fita. Muka rungume juna. Sai aka ce a sake, don golarmu Chiamaka Nnadozie ta ɗaga ƙafa daga layi kafin a buga, har da katin gargaɗi. Yarinya 'yar shekara 18! Aka sake, ta shiga, aka tashi 1-0. A hoton da suka maimaita, 'yan Faransa ma sun kutso cikin da'ira kafin bugun, ba wanda ya tanka. 'Yata ta yi kuka har ta ƙi cin tuwo, tana tambayata ya za a yi gola ta tare ƙwallo ƙafarta a ɗaure.

Rafalin Unguwa:
Hajiya, sannu da haƙuri. Ni kuma daga ɓangaren usur zan yi magana. Ina busa wasannin matasa a filin ƙasa, babu allo, masu ɗaga tuta ma wani lokacin 'yan sa kai ne. A ƙa'idar da aka fara da ita, abu huɗu kaɗai aka yarda VAR ta shiga: cin ƙwallo, fenariti, jan kati kai tsaye, da in an ba wani kati a madadin wani. Kuma sai kuskuren ya fito fili ƙarara. Inda ake ɓata ta shi ne a yi ta jan hoto a hankali ana neman laifi, don in ka rage gudun hoto, ko kafaɗa aka goga sai ta zama kamar duka.

Duk da haka ina sonta, ga dalili. A wasan ƙarshe na wata gasar hutun makaranta na soke ƙwallo, na ce satar gida ce. Aka yo kaina, sai da dattawan unguwa suka kewaye ni suka kai ni bakin babur. Da dare yaron da ya ci ƙwallon ya zo ƙofar gidana, ya gaishe ni har ƙasa, ya miƙo waya. Yayansa ne ya ɗauka daga kan katanga. Ga ɗan baya nan kwance a kusurwa, ya rufe shi sarai, ni ban gan shi ba. Ya ce, "Malam, ba faɗa na zo ba, so nake kawai ka gani." Na ba shi haƙuri, amma an riga an ba wasu kofi. Sau uku na kalli hoton a tsaye kafin in mayar masa da wayarsa.

Mai Gidan Kallo:
Malam, wannan ta taɓa ni. In ka sami sarari ranar Asabar ka shigo, kujerar gaba taka ce, ka yi wa yaran nan bayanin abubuwa huɗun kafin a take wasa. Sauran 'yan'uwa na Maraɗi, Damagaram da Kumasi, muna jiran naku.