Neman kalma: ɓoye ƙofar gida a taswirar gudu

Maman Hanifa: Salamu alaikum. Gobe da safe ina da shiri a rediyo kan matasan da ke gudun motsa jiki daga Samaru zuwa Kwangila a Zariya, su ɗora taswirar hanyarsu a Strava, manhajar waya ta masu motsa jiki, kowa ya gani. Layin daga ƙofar gidan mutum yake tashi, can kuma yake ƙarewa, har da lokacin fitarsa. Manhajar tana bari a ɓoye farko da ƙarshen layin, har kimanin mita 1,600. Turawa na cewa privacy zone. Mu fa?

Ɗan Gyallesu: Kewayen sirri.

Yaya Kongo: Haba ƙanena, kewaye a rediyo? Bayan gida mutane za su ji. Ni dai "ɓad da sawu". Layin nan sawu ne, kuma ko tsohuwa a Ƙofar Doka ta san maganar.

Baban Sadiƙ: Ɓarawo ke ɓad da sawu. Ku ce "hurumin gida". Hurumi kalmar kakanninmu ce, fili ne keɓaɓɓe da ba a taɓawa. Kuma Hajiya, don Allah kada ki ce GPS a shirin, ki ce "jagoran tauraro".

Yaya Kongo: Malam, gidajen rediyon Kano ma GPS suke cewa.

Baban Sadiƙ: Sai Kano ta faɗa sannan Zazzau ta bi? Ina aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939?

Maman Hanifa: Malamai, dare na yi. Abin da ke damuna da hurumi shi ne zai sa yara su saki jiki. A 2018 taswirar Strava ce ta tona sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan. A 2022 kuma masu bincike a jami'ar KU Leuven ta Beljiyam sun nuna ana iya gano gidan ko an ɓoye, daga tsawon tafiyar da manhajar ke nunawa. Ni so nake yarinya ta kai bakin titi kafin ta kunna.

Yaya Kongo: To ai shi ne ɓad da sawun.

Baban Sadiƙ: Wannan aiki ne. Ke suna kika tambaya.

Maman Hanifa: Gaskiyarka Malam. Zan ce hurumi sau ɗaya in ina nuna inda ake dannawa, sauran shirin ɓad da sawu. GPS kuwa yana nan yadda yake.

Baban Sadiƙ: Sau ɗaya kacal? To, Allah ya ba da sa'a. Amma maganar jagoran tauraro ban janye ba.