Neman kalma: me za mu kira tsutsar da ke cin ganye daga ciki?

'Yan uwa, ina shirya darasin noma ga yara, sai na cije a kalma ɗaya. Ƙwaron nan da ya ƙone gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, masana suna ce masa Tuta absoluta. Ka ce "tuta" a gaban yaro, sai ya ɗaga kai yana neman kore-fari-kore.

Bari in faɗi halinsa, wataƙila sunan ya fito daga nan. Uwar 'yar ƙaramar faɗa-wuta ce mai ruwan toka, tsawonta bai wuce milimita 7 ba. Da rana tana laɓe cikin ganye, sai dare take yawo. Mace ɗaya kan saka ƙwai har wajen 260. Tsutsar na ƙyanƙyashewa sai ta huda ganye ta shige tsakanin fatar sama da ta ƙasa, ta cinye koren da ke tsakiya, ta bar farin tabo shara-shara da ɗigon baƙin kashinta a ciki. Shi ya sa feshi ke wucewa ta kanta. Daga nan ta naɗe kanta, galibi a ƙasa, ta fito da fukafukai. In akwai zafi, duk wannan bai cika wuce wata guda ba. Asalinta Kudancin Amurka, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta gangaro mana.

Wani Malami ya ce a ce "mahaƙiyar ganye". Allah ya gafarta Malam, wannan Turancin "leaf miner" ne aka sa wa babbar riga. Haƙa a ƙasa ake yi.

Wani kuma ya ce ai manoma sun riga sun raɗa mata Sharon, 'yan jarida na cewa Ebolar tumatir. Gaskiya ne, kuma ba mai ƙwace wa manomi Sharon. Amma ta ganyen lemo fa, mai zana layi kamar sawun maciji? Ita ma Sharon ce? Sunan dangin gaba ɗaya nake nema.

Wata Hajiya ta kawo "rarake-ganye", kuma nan na tsaya. Rarakewa cin abu ne daga ciki a bar ɓawo, kamar yadda gara ke yi wa katako. Ƙirar ma tamu ce, irin ta faɗa-wuta. Don haka a darasin zan rubuta: Sharon ita ce rarake-ganyen tumatir.