Dawakai na cinye wasan, ina mafita?

Malamin Firamare, Takai: Salamu alaikum. Ina shirya wasan yaƙi na kan tebur kan Basasar Kano ta 1893, Yusufawa da Tukurawa, zan kai taron masu wasanni bayan Sallah. Mayaƙan na yumɓu ne, ni da ɗalibaina muka gina, muka manna su a murfin kwalba. Ɗan ludo ke yanke hukuncin gumurzu. Sau biyar muka gwada a zaurenmu, kullum mai dawakai ke nasara kafin 'yan baka su yi harbi biyu. Abin ya dame ni ƙwarai.

Ɗan Garko: Wa alaikumus salam Malam. Taki nawa dokinka ke yi? Ka raba su. 'Yan lifidi nauyi gare su, ka ba su taki ɗaya, sauran biyu. Kuma doki ba ya haura ganuwa, sai ta ƙofa.

Maiginin Tukwane: Ka gasa su tukuna. Ɗanyen yumɓu ba zai jure hanyar Wudil a mota ba, ƙafafun za su kakkarye.

Malamin Firamare, Takai: Na gode Yaya, ƙofar ce ban yi tunani ba. Yau da daddare za mu sake bugawa.