MSIX ko EXE: ta wace ƙofa manhajar kantin magani za ta shiga Microsoft Store?

Nasiru: Assalamu alaikum. Tambayar da aka kawo ita ce: an gama rubuta manhajar lissafin kaya ta kantin magani da harshen C# da rumbun bayanai na SQLite, ana son a kai ta Microsoft Store, yaya za a ƙunsa ta? Matsayina ɗaya ne: a yi MSIX, wato tsarin ƙunshin manhaja na Microsoft, a bar zancen EXE, wato fayil ɗin saka manhaja da aka saba da shi. Gaskiya ne tun 2021 Store yana karɓar EXE da ɗan'uwansa MSI, amma ku duba kayan da ake ɗora maka. Kai za ka ajiye fayil ɗin a sabarka, kowace siga da nata adireshin, kuma ba a yarda ka sauya abin da ke adireshin bayan an tantance shi ba. Dole ya shiga kwamfuta shiru, ba tare da tambayar mutum komai ba. Dole ka sa masa hannu da satifiket, wato shaidar da ke tabbatar da mai manhajar, daga hukumar da Microsoft ta amince da ita, kuma tun Yunin 2023 makullin irin wannan satifiket sai a cikin na'ura ta musamman ake ajiye shi, ga kuɗinsa da dala. Sabuntawa ma a wuyanka take. MSIX kuwa Microsoft ce ke sa hannu, ita ke ajiyewa, ita ke tura sabuwar siga.

Bilkisu: Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, ka faɗi riba, ba ka faɗi abin da ake biya ba. MSIX yana sauka ne a C:\Program Files\WindowsApps, wurin da manhaja ba ta da ikon rubutu. Duk wadda ta saba ajiye saitunanta ko rumbun bayananta kusa da fayil ɗin EXE, nan take za ta tsaya. Na biyu, idan aka buɗe ta daga Start, foldar da take farawa a ciki ba tata ba ce, System32 ce, don haka duk inda aka rubuta sunan fayil kawai babu cikakkiyar hanya, ba za a same shi ba.

Waɗannan biyun da sauƙi, tunda suna bayyana tun ranar gwaji. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne AppData, foldar da manhajoji suka saba ajiye bayanansu. Manhajar tana ganin kamar ta rubuta a AppData, alhali Windows ya karkatar da sabon fayil ɗin zuwa cikin foldar Packages, ƙarƙashin sunan ƙunshin, a LocalCache. Ranar da aka cire manhajar, ko aka danna Reset a Settings, foldar nan ta tafi. To ku hango mai kanti da safe, masu saye sun yi layi, manhaja ta ƙi buɗewa. Abin da hannunsa zai fara yi shi ne ya cire ta ya sake sakawa. Ta buɗe tsaf, amma lissafin bashi da ranakun lalacewar magani na shekara guda babu su.

Nasiru: Malama Bilkisu, wannan gyara ne na yini ɗaya. A yi amfani da AppContext.BaseDirectory, mai nuna foldar da manhajar take, wajen karanta abin da ya zo cikin ƙunshi. Rumbun bayanai kuma a fitar da shi daga AppData, a bar mai kanti ya zaɓi folda tun buɗewar farko. Manhajar da ke da izinin runFullTrust, wato izinin aiki kamar manhajar tebur ta yau da kullum, tana rubutu a Documents ba tare da karkatarwa ba. Wanda kuma ba shi da asalin rubutun manhajar a hannu, akwai Package Support Framework da ke gyara foldar farawa.

Bilkisu: Na yarda da zaɓen folda, amma kada a ce Documents kai tsaye. A kwamfutoci da yawa OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, yana kwafe Documents. SQLite idan yana aiki da WAL, tsarin da ke fara rubuta sauye-sauye a fayil na gefe, yana da fayiloli uku: babban, da mai -wal, da mai -shm. Idan aka kwafe su a lokuta daban-daban, abin da za a dawo da shi yana iya zama gurɓatacce. Rumbun da ake aiki da shi ya zauna a foldar da ba a kwafewa, kwafin ajiya kuma a fitar da shi da umarnin SQLite na VACUUM INTO, shi ne za a kai OneDrive ko filashi. Ka ga ashe ba naɗewa kawai ba ne, sai an taɓa cikin manhajar.

Auwal: Yaya Nasiru, firintar rasit fa? MSIX ba ya ɗaukar direba ko kaɗan, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa na'ura da Windows. Sabis mai aiki a bayan fage an fara yarda da shi daga Windows 10 siga 2004, shi ma da izini na musamman da sai an nema. Idan manhajar tana buƙatar ikon admin duk buɗewa, nan ma wani izinin ne, kuma ba kasafai ake ba da shi ba. EXE kuwa zama ɗaya zai saka manhaja, ya saka direba.

Nasiru: Yawancin firintocin rasit suna jin harshen umarni na ESC/POS. Wadda ake haɗawa da network sai ka tura mata umarni ta ƙofa 9100, babu ruwanka da direba. Ta USB kuma a saka direbanta daban sau ɗaya, ranar da aka haɗa ta. Ga abin da ba ku ambata ba: MSIX yana yanka kowane fayil gutsi-gutsi na KB 64, yana riƙe da shaidar kowane gutsure a AppxBlockMap.xml. Idan sabuwar siga ta fito, abin da ya sauya kawai ake saukewa. Ga wanda ke sayen data da kuɗin cinikinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sharaɗin shi ne kada a dunƙule manhajar duka a fayil ɗaya matsattse, domin ƙaramin gyara zai sauya kusan duk gutsattsarin.

Auwal: Wannan na karɓa. Sai dai kwamfutar da ke kan Windows 7 ba ta da Store, haka ma Windows 10 LTSC, bugun da ake yi wa kamfanoni, ba ya zuwa da shi. Mai irin waɗannan kwastomomi dole ya riƙe EXE a gefe, satifiket ɗin da ake gudu kuma zai dawo.

Kabiru: Jama'a, duk wanda ya zaɓi MSIX ga inda ake yawan tuntuɓe. Fara kama sunan manhajar a Partner Center, shafin Microsoft da ake tura manhaja ta cikinsa, sannan ka kwafo abubuwa uku zuwa AppxManifest.xml harafi da harafi: Name, Publisher mai farawa da CN=, da PublisherDisplayName. Lambar siga gida huɗu ce, na ƙarshe dole ya zama sifili, kamar 1.4.2.0. Wajen gwaji a gida za ka ƙirƙiri satifiket naka. Idan sunan da ke kansa bai yi daidai da Publisher ba, SignTool, manhajar sa hannu, zai ba ka lambar kuskure 0x8007000B. Idan ba ka saka satifiket ɗin a ma'ajiyar Trusted People ta kwamfutar gwajin ba, sakawa za ta tsaya da 0x800B0109. Izinin runFullTrust yana cikin waɗanda ake neman bayani a kansu, don haka ka rubuta dalili a sarari: manhajar tebur ce, tana magana da firinta, tana rubutu a foldar da mai ita ya zaɓa. Ka gudanar da Windows App Certification Kit kafin ka tura, kuma ka gwada a sabuwar kwamfutar gwaji da asusun da ba na admin ba, domin taka tana ɗauke da .NET da sauran kayan da ta kwastoma ba ta da su.

Bilkisu: Malam Kabiru, a ƙara gwaji ɗaya a kan naka. A saka manhajar, a shigar da magunguna goma da bashi biyu, a cire ta, a sake sakawa, a duba ko suna nan. A maimaita da Reset. Sannan a saka tsohuwar siga, a cika ta da bayanai, a ɗora sabuwa a kai, a ga ko sauyin tsarin teburan ya tafi lafiya. Idan ta tsallake ukun nan, ina tare da Malam Nasiru a kan wannan manhajar.

Auwal: Ni sai an gaya mana irin firintar da ke kantin da kuma Windows ɗin da ke kan kwamfutarsa. Mai tambaya, don Allah ka turo mana sunan firintar da abin da winver, umarnin duba sigar Windows, ya nuna.