Kakar matata ta ga sunan ɗana a mafarki, kuma akwai mujiya a cikinsa: ina neman shawara

Baƙon Hilo:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina cikin wani hali da ya hana ni barci, kuma kwana huɗu kacal ya rage a yi suna. Ni mutumin Katsina ne, shekara tara ke nan ina zaune a garin Hilo, a babban tsibirin jihar Hawayi ta Amurka. Karatu ya kawo ni, aiki ya riƙe ni, na auri 'yar asalin tsibirin wadda ta musulunta tun kafin aurenmu. Ranar Talata Allah ya sauke ta lafiya, muka sami ɗa namiji.

Mutanen nan suna da wani abu da suke kira aumakua. A fahimtarsu, wani daga cikin kakannin zuriya da ya rasu yakan ci gaba da kula da jikokinsa, yana bayyana a siffar wata halitta, kamar kifin shak, ko kunkurun teku, ko ƙadangare, ko shaho. Zuriyar ba ta cin wannan halitta, ba ta kuma cutar da ita, kuma suna cewa tana yi musu gargaɗi a mafarki ko a farke. Na dangin matata mujiya ce, wadda suke kira pueo.

Kakar matata, wadda kowa ke kira Tutu, tana da shekara takwas lokacin da igiyar teku ta afka wa Hilo a daren 23 ga Mayu 1960, bayan girgizar ƙasar da aka yi a Chile, har mutum 61 suka rasu a Hilo. A unguwar Waiakea suke zaune a lokacin, dab da ruwa. Ta ce da yammacin ranar wata pueo ta sauka a kan shingen gidansu, ta tashi ta nufi tudu, ta dawo, har sau uku. Da aka busa jiniya mutane suka fita, amma da dare ya yi nisa ba a ga komai ba, maƙwabta da yawa suka koma gidajensu. Mahaifinta ya ƙi komawa saboda tsuntsuwar, suka kwana a kan tudu, ruwan ya zo bayan ƙarfe ɗaya na dare ya share gidan. Na ji wannan labari daga bakinta ya fi sau goma, kuma ba ta taɓa kai ƙarshensa ba tare da ta share hawaye ba.

Mako biyu kafin haihuwa ta yi mafarki an ba ta sunan yaron. Irin wannan suna suna kiransa inoa po, wato sunan dare, kuma sun yi imani cewa idan aka ƙi sa shi yaron zai iya yin ciwo. Ni kuwa tuni na yi niyyar mayar da sunan mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ta kuma kawo wata ƙaramar mujiya da aka sassaƙa da icen koa ta ajiye kusa da gadon jaririn. Jiya ina nuna wa Hajiyarmu jikanta ta waya, sai idonta ya faɗa kan sassaƙen, ta yi salati ta kashe wayar, kuma har yanzu ba ta ƙara ɗauka ba. Don Allah me zan yi?

Malam Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Allah ya raya yaro bisa sunna. Ɗan'uwa, wannan ba magana ce mai buƙatar dogon tunani ba. Duk wanda ya ƙudurce cewa mamaci yana shiga jikin tsuntsu ya kare rayayyu, ya ba wani abin halitta haƙƙin da na Allah ne shi kaɗai, kuma sunan wannan shirka ko da an lulluɓe shi da kalmar al'ada. Ka fitar da gunkin nan daga gidanka yau, ka yanka ragunanka biyu ranar suna, ka sa sunan mahaifinka. Mafarkin wadda ba musulma ba ba ya ɗora maka wani hukunci.

Hajiya Maman Khalil:
Barka da arziki, ɗana. Ka yi ta ba mu labarin 1960, amma ba ka faɗi abin da ita mai jegon ta ce ba, alhali ita ce ta ɗauki cikin wata tara. Ni da na haifi ɗan farina, sai ji na yi maroƙi yana sanar da suna a ƙofar gida, ba wanda ya tambaye ni ko da wasa, saboda uwar mijina ta riga ta yanke. Yaron ya shekara talatin yanzu, kuma har gobe abin yana raina. Ku maza kuna ɗaukar suna tamkar naku ne ku kaɗai.

Baƙon Hilo:
Na gode, Hajiya. Malam, ina girmama maganarka, amma ba gunki ba ne a wurinsu yadda kake zato, domin ban taɓa ganin wani ya durƙusa masa ko ya roƙe shi wani abu ba. Tutu ma kirista ce, ba ta fashin coci ranar Lahadi. Sarautar Hawayi da kanta ce ta rushe tsarin tsohon addini na kapu a 1819, kafin 'yan mishan su iso a 1820, kuma abin da ya saura a gidaje irin nasu ya fi kama da riƙon zumunci da kakanni. Ku tuna kuma mutane ne da aka kifar da masarautarsu a 1893, aka daina koyarwa da harshensu a makarantu tun 1896, har ita Tutu ta tashi ba ta iya shi sosai ba. Idan na ce mata sunan nan ba zai shiga gidana ba, ba suna kaɗai za ta ji na ƙi ba.

Malam Abu Sumayya:
Ka zo neman shawara ne ko ka zo kare su? Zaluncin da aka yi musu a tarihi gaskiya ne, amma ba ya halatta abin da Allah ya haramta. Kai da bakinka ka ce suna tsoron yaro zai yi ciwo idan ba a sa sunan ba. To wane ne zai sa masa ciwon? Idan ka sa sunan don gudun wannan ciwo, ka gaskata su ke nan. Aya ta 15 a Suratu Luƙman ta umarce mu da kyautata wa iyaye a zaman duniya, ta kuma hana yi musu biyayya a kan shirka, balle kakar mata.

Dattijo Na Malumfashi:
Malam, a yi haƙuri in sa baki. Mu da muka tashi kusa da Maguzawa mun san abin da ake kira kan gida. Kakana musulmi ne mai salla a sahun farko, amma har ya koma ga Allah bai ci naman damo ba, kuma ba a kashe damo a gidansa, domin ya ce kan gidanmu ne. Mahaifina ya bar abin a hankali ba tare da ya taɓa ci wa tsohon fuska ba, mu kuma muka tashi ba ruwanmu da shi. Abin da ya fi damuna shi ne yaran yanzu da suke karanta littafi biyu su dawo suna kafirta kakanninsu, kamar wani jikana da ya ƙi gaishe ni wata guda saboda ya ga laya a tsohuwar adakata. Ɗana, ka bi tsohuwar nan a sannu.

Ummu Aiman:
Ina so in ja hankali kan ɓangaren Hajiyarka, domin kowa ya bar shi. Tsoron mujiya da muke yi a ƙasar Hausa shi ma camfi ne, kuma hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim ya kore camfi da tsuntsaye, ya ambaci mujiya a ciki. Saboda haka idan za a gyara aƙida, a gyara ta ta ɓangare biyu. Ni a Amurka nake, kuma takardar haihuwa a nan tana ɗaukar suna fiye da ɗaya. Ka sa na mahaifinka a farko, na Tutu a tsakiya, matuƙar ma'anarsa ba ta ƙunshi bautar wanin Allah ba. Mene ne ma'anar sunan?

Baƙon Hilo:
Matata ta ce ma'anarsa ita ce mujiyar da ke tashi da hantsi. Ya kamata in bayyana cewa pueo ba irin mujiyarmu ta kango ba ce. Da rana take farauta, a ƙasa take yin sheƙa cikin ciyawa, kuma na sha ganinta a kan turakun shinge a makiyayar shanu ta wajen Waimea, ƙarama mai idanu rawaya. Mai fitowa da dare, mai farar fuska, daga baya aka shigo da ita tsibiran don ta rage ɓeraye. Na so in yi wa Hajiya wannan bayani, amma tsakaninmu awa 11 ne, kuma ƙanwata ta ce ta rantse ba za ta kira jikanta da sunan tsuntsuwar mayu ba.

Malam Abu Sumayya:
Ko da rana take tashi ko da dare, ba tsuntsuwar ce matsala ba, abin da aka ƙudurce game da ita ne. Shawarar sa suna a tsakiya kuwa yaudarar kai ce, domin dangin uwarsa da wannan sunan za su riƙa kiransa, su kuma ba shi labarin 1960 tun yana goye, kai kana wurin aiki. Na ga irin wannan a kan ɗan yayana da ya yi aure a Turai, yau 'ya'yansa ko Fatiha ba su iya ba. Tun ranar da ka zaɓi zama a inda sai ka hau jirgin sama kafin ka kai babban masallacin da ke Honolulu, ya kamata ka hango wannan rana.

Baƙon Hilo:
Malam, ban yi nadamar aurena ba, kuma ba zan yi ba. Matar nan ta yi azumi huɗu tare da ni a garin da ba a jin kiran salla. Lokacin da na kwanta asibiti mako biyu, Tutu ce ta riƙa kwana a kan kujera kusa da ni, alhali ba ni da kowa nawa a tsibirin. Sassaƙen dai na ɗauke shi daga ɗakin jariri na mayar falo, ita kuma da ta zo da safe ta lura, ba ta ce komai ba, ta zauna ta riƙe yaron tana yi masa waƙa a hankali. Raguna na riga na biya kuɗinsu a wata gona, gurbin suna a takardar ne har yanzu ban cike ba.

Dattijo Na Malumfashi:
Ka sa ƙanin mahaifinka ya je ya sami Hajiya da kansa, irin wannan magana ba ta waya ba ce.

Hajiya Maman Khalil:
Ɗana, sau uku ke nan kana dawo da amsa, ka faɗi ta Tutu, ka faɗi ta Hajiya, ka faɗi ta tsuntsuwa. Ita mai jegon, wane suna take so a sa wa ɗanta?