Zanen mawaƙan opera na ƙarni na 19: shaida ne ko talla?

Malamin Zane: Ni dai ban yarda a kafa hujja da waɗannan zane-zanen na mawaƙan opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, ba. Tun da wani Bajamushe, Senefelder, ya ƙirƙiro bugun dutse a 1796 abin ya zama kasuwa: a zana da alli mai maiƙo, a jiƙa dutsen, tawada ta kama inda maiƙon yake, a buga ɗaruruwa a sayar wa masoya. Mai neman ciniki zai fito da munin mawaƙiya? Ku dubi zanen mawaƙiya Giuditta Pasta a matsayin Medea, matar almarar Girkawa da ta kashe 'ya'yanta, wasan da ta yi a Landan a 1826. Sai ka ce gunki aka sassaƙa.

Ɗalibar Tarihi: Malam, a gafarce ni. Pasta ta rasu a 1865, na'urar naɗar murya kuwa sai 1877. Idan aka yar da zanen, me ya rage? Ko an gyara fuska, ai tsayuwarta da yadda take ɗaga hannu suna nan.

Malamin Zane: Wane hannun, 'yata? Dutse juya hoto yake yi. Mai zane ya yi sakaci, dama ta koma hagu.

Kawu Tela: Ku bar fuska, ku zo kan sutura, nan ne sana'ata. Mawaƙiya Pauline Viardot ta fito a matsayin Orfiyus, mawaƙin almarar Girkawa, a Paris a 1859, mace cikin rawar namiji, da 'yar riga iya gwiwa da molon Girkawa a hannu. Ita har hoton kyamara an ɗauke ta cikin kayan. Sai a jera zane da hoto, ƙaryar ta fito da kanta.

Ɗalibar Tarihi: Yauwa Kawu! Kuma ko ƙaryar ma abin nazari ce. Hular ƙarfe mai ƙaho da mai fuka-fuki da Doepler, mai zana sutura, ya tsara wa operar Wagner, Bajamushe mai tsara kiɗa, a garin Bayreuth na Jamus a 1876, hotuna suka yaɗa su har mutane suka ɗauka haka mayaƙan Viking, maharan arewacin Turai na dā, suke sawa.

Malamin Zane: To ai kin faɗi maganata da bakinki.

Ɗalibar Tarihi: A'a Malam. Ba shaida ba ce kan Viking, amma shaida ce kan abin da aka sa a dandamali.

Kawu Tela: Ni tambayata ɗaya. Mai wannan hular, yaya take jin makaɗa in ta rufe mata kunne?