Wane suna za mu ba ciwon da Turawa ke kira thoracic outlet syndrome?

Malamar firamare daga Zariya:
Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana harshe da na lafiya. Likita ya ce abin da ke damun hannuna na dama sunansa thoracic outlet syndrome. Da na ɗaga hannu ina rubutu a allo ko ina shanya, sai hannun ya yi nauyi, minjirya ta kama ƙaramin yatsa da na kusa da shi, alli ya nemi suɓuce mini. Da daddare kuma zogi ne tun daga wuya har gwiwar hannu. A gida kowa da tasa: Inna ta ce sanyi ne, surukata ta ce a kira wanzami ya yi ƙaho, wata maƙwabciya ta ce mafarin shanyewar ɓarin jiki ne. In na faɗi sunan Turancin sai a yi shiru, can kowa ya koma kan maganarsa. Ina son sunan da zan faɗa a gane.

Ɗalibin jami'a:
Wa alaikumus salam, Anti, Allah ya ba da lafiya. Ai kalmomin sun fassara kansu: ciwon mafitar ƙirji.

Mai gashin ƙashi a Kano:
Sannu Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Ƙanina, fassararka ba ta yi ƙarya ba, amma za ta ɓatar da mutane. Bahaushe in ya ji ciwon ƙirji, hankalinsa kan tari yake tafiya, ko asma, ko zuciya, ko olsa. Wannan kuwa ba ruwansa da ko ɗaya.

Ga yadda abin yake. Ku shafa ƙashin nan da ke kwance daga gindin wuya zuwa kafaɗa. A ƙarƙashinsa haƙarƙari na farko yake, kuma akwai tsokokin da suka gangaro daga gefen wuya suka kama haƙarƙarin. Ta ɗan wannan tsakani ne jijiyoyin da suka fito daga laka suke bi su shiga hannu, tare da jijiyar da ke kai jini hannun da wadda ke dawo da shi. In wurin ya ƙara tsukewa sai ya danne su. Kamar tiyon ruwa ne da aka taka a tsakiya: a baki ake ganin ruwa ya ragu, amma ba a nan matsalar take ba.

Abin da ke tsuke wurin kala-kala ne: haɗarin mota da ya fizgi wuya, karayar ƙashin nan da ta ɗoru a karkace, aikin da hannu ke wuni a sama kamar na mai fenti ko mai gyaran wuta, da zama kafaɗu a ranƙwafe. Wasu kuma da ƙarin haƙarƙari a wuya aka haife su, kusan mutum 1 cikin 100 ko ƙasa da haka, ko da yake yawancinsu har su tsufa bai taɓa damunsu ba. Ya fi kama mata. Sama da kashi 90 cikin 100 na masu shi, jijiyoyin laka ne a danne. Na jijiyar jini kaɗan ne, amma shi ne mai haɗari. Turawan ma sai a 1956 wani likita mai suna Peet da abokan aikinsa a Amurka suka tattara waɗannan matsaloli ƙarƙashin suna guda, kafin nan kowacce da nata sunan.

Malamin Hausa mai ritaya:
Madalla da wannan bayani, 'yata. Sunayen cututtukan da suka zauna a bakin mutane ba fassara aka yi musu ba, abin da ke faruwa aka faɗa. Hawan jini, farfaɗiya, sanƙarau, shawara, ƙanjamau. To a nan me ke faruwa? Matsewa. Me ake matsewa? Jijiya. A ina? Nan ne gardamar take. Ƙashin da kika ce a shafa, dattawa karankarma suke ce masa, don haka ni na so a ce matsin karankarma. Gajere ne, yana da daɗin faɗi, kuma zai raya kalmar da ke neman ɓacewa.

Tela daga Kaduna:
Allah ya gafarta Malam, wallahi yau na fara jin karankarma, kuma na haura arba'in. In sai an fassara mini fassarar, ina amfaninta? Me zai hana a ce ciwon sagewar hannu, tun da a hannun ake jin sa?

Mai gashin ƙashi a Kano:
Malam Tela, wannan sunan shi na fi tsoro. Duk wanda aka ce masa ciwonsa na hannu ne, hannun zai yi ta bi da man zafi da tausa da tsaga, wuya da kafaɗa kuwa ko kallo. Sannan abubuwan da ke sage hannu sun yi yawa: ciwon suga, zaizayar ƙashin wuya, dannewar jijiya a gwiwar hannu. Sunan ya kamata ya nuna wa mutum inda zai kula da shi.

Kuma kular a can take. Aikinmu na farko shi ne miƙar da tsokokin gefen wuya da na gaban kafaɗa, da ƙarfafa na bayan allon kafaɗa don kafaɗar ta koma mazauninta. Muna koya wa mutum numfashi da ciki, domin mai numfashi da ɗaga kafaɗu wuni yake yana wahalar da tsokokin nan. A daina rataya jaka mai nauyi a kafaɗar, a daina kwana da hannu a saman kai ko a ƙarƙashin matashi, a sauko da kayan da ake yawan ɗauka daga saman kantar ajiya, a sassauto igiyar shanya. Tsumma mai ɗumi a gindin wuya yana sassauta zogi. Maganin kashe zafi kuma da izinin likita, ba a yi ta haɗiyar na kemis ana jawo wa ciki da ƙoda wata masifa ba. Abin yana ɗaukar watanni, sai an daure. Ɗan ƙwallon kwandon Amurka Markelle Fultz, da aka gano masa shi a 2018, da irin wannan atisaye aka bi da shi. Wasu kuwa sai an yi aiki an cire haƙarƙarin na farko, kamar yadda aka yi wa ɗan wasan besbol Matt Harvey a 2016.

Gargaɗi ɗaya: in hannu ya kumbura farat ɗaya, ko ya sauya launi, ko ya yi sanyi ƙalau, wannan ba na tausa ba ne, jini ne mai yiwuwa ya daskare. Asibiti a ranar.

Ma'aikacin jinya daga Damagaram:
Sannunku 'yan'uwa. A nan Nijar da Faransanci muka karanta shi, kuma kalmar da suka zaɓa tana nufin matsattsiyar hanya tsakanin duwatsu. Su ma matsin suka gani. Na goyi bayan Malam a kan matsi, na goyi bayan tela a kan karankarma, don a nan ma ba kowa ya san ta ba. In mai ciwo ya zo ina nuna masa wurin, gindin wuya nake cewa, ba a taɓa tambayata ina ne ba. A ce matsewar jijiyoyin gindin wuya.

Malamin Hausa mai ritaya:
Na sallama, ko da yake zuciyata tana kan karankarma. Sai dai jijiya a Hausa jaka ce mai ɗaukar komai, ta jini da ta laka har da agara duk jijiya ce. A nan wannan ya yi mana rana, tun da duk ana iya danne su. Cikakken suna a takarda: matsewar jijiyoyin gindin wuya. Na baki: matsin gindin wuya. In likita yana son bambancewa sai ya ƙara na laka ko na jini.

Malamar firamare daga Zariya:
Na gode Baba, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Matsin gindin wuya ya zauna mini a baki.

Ɗalibin jami'a:
To Anti mai gashin ƙashi, wanda ke kama masu buga kwamfuta a wuyan hannu fa? Kada wuya da wuyan hannu su rikita mutane.

Mai gashin ƙashi a Kano:
Shi sai mu ce matsin wuyan hannu, a riƙa faɗin hannun a fili. Yatsu ma suna taimakawa wajen raba su: na wuyan hannu babban yatsa da manuni da na tsakiya yake sagewa, na gindin wuya kuwa ya fi zuwa ta ɓangaren ƙaramin yatsa. Amma gwiwar hannu ma tana iya sage ƙaramin yatsan, shi ya sa sai an gwada mutum kafin a ce wannan ne.